Taron Likitoci: Wa Ya Kamata A Tura, Me Kuma Zai Komo Da Shi?

Kowace shekara, da zarar an amince da kasafin kuɗi, takardun neman izinin tafiya taro sukan fara taruwa a teburorin Manyan Sakatarorin Ma'aikatun Lafiya na Jihohi da na Tarayya. Wannan likita yana so ya tafi Legas taron ƙungiyarsu, wancan an gayyace shi Alƙahira, wani kuma takarda ta zo masa daga Ingila. Shi ko akanta, wanda ya san abin da ya rage a asusu, ba abin da yake gani cikin fayilolin nan sai kuɗin jirgi da na otal da alawas, saboda haka ba abin mamaki ba ne in ya ɗauki al'amarin duka a kan yawon buɗe ido da dukiyar talakawa. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi ƙwarai, har ta kai ga Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tafiye-tafiyen ma'aikatanta zuwa ƙasashen waje da kuɗin hukuma na tsawon wata uku daga farkon Afrilu na 2024, sai fa tafiyar da ta zama tilas.

Babu mai musun cewa akanta yana da hujja. An sha ganin wanda ya je taro ya sa hannu a rajista ran farko, ya karɓi jaka da alƙalami da takardar shaida, sauran kwanakin kuwa ya ƙarar da su a kantuna yana sayen tsaraba. An kuma sha ganin rahoton shafi biyu da aka rubuta don kawai a sami damar rufe boca, aka jefa shi cikin fayil, ba wanda ya ƙara buɗe shi har gara ta ci. Amma wanda ya ce saboda haka a daina tura likitoci taro, to, ya bar jaki yana dukan taiki. Laifin yana wajen zaɓen wanda ake turawa, da kuma rashin tambayarsa abin da ya zo da shi bayan ya komo. Ba kuwa inda wannan sakaci ya fi cin rayuka kamar sashen taimakon gaggawa, watau inda ake kai wanda mota ta kaɗe, da mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, da yaron da ke jijjiga, da manomin da maciji ya sara. An ƙiyasta cewa fiye da rabin mace-macen da ake yi a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, larurori ne ke jawo su waɗanda taimakon gaggawa mai tsari zai iya tarewa. Mafi yawan dabarun da suka rage mutuwa a wannan sashe kuwa a cikin kan mutum suke tafiya daga wani asibiti zuwa wani, kuma taro yana cikin manyan hanyoyin da suke bi.

Ga misali wanda ya shafi ƙasar nan kai tsaye. A watan Mayu na 2023 an yi babban taro a kan lafiyar mata masu haihuwa da jarirai a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. A wurin ne aka bayyana sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda Jami'ar Bamingam ta Ingila ta jagoranta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka gudanar da shi a asibitoci 80 na Kenya da Nijeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, a kan mata fiye da 200,000. Nijeriya ce ta fi yawan asibitoci a ciki, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin shugabannin aikin. Abin da aka tasa a gaba shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda a lokacin aka ƙiyasta yana kashe mata kimanin 70,000 a duniya kowace shekara. Bai kamata wani ma'aikacin lafiya a ƙasar nan ya ji wannan lamba ya wuce ba, domin ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da aka gwada, don a nan maganar take. Tun fil'azal ungozoma da ido take ƙiyasta jinin da mace ta zubar: ta dubi zane, ta dubi katifa, ta dubi ƙasa, ta ce bai yi yawa ba. Ido kuwa yakan ruɗi mai shi, musamman da dare, ga ƙarancin haske, ga mata biyar suna naƙuda a lokaci guda. Zane yana shanye jini, wani yana malala ƙarƙashin gado, kafin a farga jikin mace ya yi sanyi, zuciyarta tana bugawa da sauri, hankalinta ya fara gushewa. Sai masu binciken suka kawo wata ledar shimfiɗa wadda ake sa wa mace a ƙarƙashinta bayan jariri ya fito, ƙarshenta an haɗe shi kamar aljihu mai tsini, da layukan awo a jikinsa. Jini yana taruwa a ciki, ungozoma tana karanta lamba. Da ya kai mililita 500, watau rabin lita, ba sauran gardama ko jinkiri.

Sashe na biyu na dabarar ya shafi abin da ake yi bayan an gane. A da, akan gwada magani ɗaya a jira a ga ko zai yi aiki, in bai yi ba a gwada na biyu, ana cikin haka lokaci yana ƙurewa. A sabon tsari kuwa duka ake yin su a tare cikin 'yan mintoci: a murza mahaifa daga waje don ta tsuke, a yi allurar oksitosin mai taimaka mata tsukewa, a ba da maganin taraneksamik wanda ke hana gudan jini narkewa, a ɗaura ƙarin ruwa ta jijiya, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in jinin bai tsaya ba a kira babban likita nan take. Duk kayan da ake bukata an tara su wuri guda, a kan ɗan teburi mai taya ko cikin jaka ɗaya, don kada a shiga neman makullin sito da tsakar dare. A asibitocin da suka bi wannan tsari an gane zubar jinin a kashi 93 cikin 100 na matan da ya sama, alhali a waɗanda suka ci gaba da tsohuwar hanya kashi 51 ne kawai. Matan da suka kai ga mummunar zubar jini, ko aka yi musu tiyata saboda ita, ko suka rasu, kashi 1.6 ne cikin 100 a asibitocin farko, kashi 4.3 a na biyu. Ragin ya kai wajen kashi 60 cikin 100 ke nan. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta ga ƙasashe.

A duba da kyau, babu na'ura ko ɗaya a cikin wannan labari mai bukatar lantarki ko injiniya daga Jamus. Magungunan duka tsofaffi ne, ledar kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sabon abu shi ne awo da tsari da saurin hannu. Har ila yau, masu binciken ba su tsaya ga raba takarda kawai ba. Sun koyar da ungozomomi a cikin ɗakin haihuwarsu, ana maimaita aikin kamar yadda soja ke atisaye, sun naɗa wa kowane asibiti mutanen da za su tsaya a kan al'amarin, kuma suna mayar wa ma'aikata da lissafin aikinsu a kai a kai don su ga inda suka gaza. Wanda duk ya zauna a zauren Kef Tawun ya ji wannan, ya komo gida bai tara ungozomomin asibitinsa ya nuna musu da hannu ba, lalle kuɗin jirginsa asara ce, kuma akanta ya yi gaskiya a kansa. Wanda ya tara su kuwa, kuɗin tafiyarsa yana cikin mafi arahar abin da Ma'aikata ta saya a wannan shekara.

Wani zai ce ai abin kirki ba ya ɓuya, ko an je taro ko ba a je ba zai iso. Tarihin maganin taraneksamik ɗin nan ya isa amsa. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta Shosuke suka bayyana shi tun 1962, kuma burinta shi ne a yi amfani da shi wajen ceton mata masu zubar jini bayan haihuwa, amma ba ta sami likitocin mata da za su gwada shi ba. Sai a 2010 aka tabbatar, bayan gwaji a kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, cewa yana rage mutuwar waɗanda suka ji rauni suna zubar da jini. Sai kuma a 2017 wani gwaji a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, wanda Nijeriya na cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa a cikinsa, ya nuna cewa in an ba da shi cikin awa uku da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita Okamoto ta rasu a 2016, ba ta ga sakamakon ba. Shekara 55 magani mai araha yana nan a duniya, mata suna mutuwa, don ba a sami isassun waɗanda za su ɗauki maganarsa su kai inda za a ji ba. Ilimi ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an ɗauke shi.

To, wannan maganar abin da ake kawowa ke nan. Akwai kuma abin da ake kaiwa, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Mutanen ƙasar nan da yawa sukan je taro kamar almajirai, su zauna a baya su rubuta abin da Turawa suka faɗa, sai ka ce asibitocin Arewa ba su da abin koyar da kowa. Alhali kuwa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi amfani da su a duniya wajen saran maciji, daga aikin da aka yi a Arewacin Nijeriya ya fito. A farkon shekarun 1970 Dokta David Warrell yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, shi da abokan aikinsa suka yi nazarin mutanen da kububuwa ta sara, macijin nan da ake wa kirari da gobe-da-nisa, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta ciki. A rahotonsu na 1977 suka bayyana hanya mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan daga jijiya a zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, a ajiye ta ba a taɓa ba har minti 20, sa'an nan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In yana nan ruwa, dafi ya shiga, a ba da maganin dafi. Kwalba da agogo, shi ke nan. Yau ana yin wannan gwaji a Kaltungo, ana yin sa a ƙauyukan Indiya, kuma yana cikin littattafan jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya. Da waɗanda suka yi aikin sun bar abin da suka gani a cikin rajistar asibiti, da babu wanda ya san shi bayan Kwangila.

Saboda haka kamata ya yi tambayar farko da Babban Sakatare zai yi wa mai neman izinin tafiya ta zama: me za ka kai musu? Ba lalle sai babban bincike ba. Ya isa likita ya ɗauki rajistar sashen gaggawa na asibitinsa ta shekara guda ya ƙirga mutum nawa aka kawo, me ya kawo su, da wace irin mota aka kawo su, minti nawa suka yi kafin wani ya duba su, nawa suka rasu cikin awa 24 na farko. Wanda ya je taro da irin wannan lissafi a hannu, kunnensa yakan buɗe, don ya san abin da ke damunsa kuma amsa yake nema. Abin takaici shi ne a wurare da yawa ba a rubuta lokacin isowar maras lafiya, balle lokacin da aka fara duba shi, ga shi kuwa duk aikin gaggawa a kan lokaci ya rataya.

Abin da lissafi ke iya yi ya bayyana a Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Bilantaya a ƙasar Malawi. Likitocin yara na wurin, ƙarƙashin Farfesa Elizabeth Molyneux, sun lura cewa yara da yawa suna mutuwa jim kaɗan bayan an kwantar da su, kuma sanadin yana bakin ƙofa: uwa ta zo da ɗa yana numfashi da ƙyar ta shiga layi a bayan mai ƙurji, ana bin wanda ya riga zuwa. Daga 2001 suka sake tsarin ɗakin karɓar yara, suka koya wa ma'aikata su tantance kowane yaro tun isowarsa, a ware na gaggawa a wuce da shi nan take, aka kuma sa ƙwararru suna lura da wurin. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin 100 ta koma tsakanin 6 zuwa 8. Wannan hanya ta tantancewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin koyar da ita a 2005, kuma kyauta ne. Duk da haka mai karatu ya san asibitoci nawa ne har yanzu mai yanka kati shi ne mutum na farko da ke ganin maras lafiya, kuma shi ke yanke wanda zai shiga.

Sai kuma maganar wanda ake turawa. Bisa al'adar ofis, tafiya waje ladan girma ce: darakta ya je, mataimakinsa ya je, in an sami rara a ba wani babban likita da ya daɗe bai tafi ba. Su ko waɗanda ke kwana a sashen gaggawa, ƙaramin likita da nas da ungozoma, sai dai su ga hotuna. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Darakta yana da amfaninsa a taro, don shi ne zai sa hannu a sayi kaya, amma bai kamata ya tafi shi kaɗai ba, kuma in kuɗi na mutum ɗaya ne, to, a tura mai riƙe da allura. A binciken nan na Kef Tawun ungozomomi ne suka yi mafi yawan aikin, haka kuma a Malawi ma'aikatan jinya ne suke tantance yara a bakin ƙofa. Asibitin da ke ƙaramar hukuma sau da yawa likitansa ɗaya ne ko biyu, kuma ba su ke fara tarar maras lafiya da ƙarfe biyun dare ba.

Inda ake zuwa shi ma abin dubawa ne. Tarurrukan Turai da Amurka suna da ilimi mai zurfi, amma rabin abin da ake nunawa a can na'urori ne da asibitin da ba shi da tsayayyen lantarki ba zai iya riƙewa ba, ga tsadar tafiya, ga wulaƙancin biza, kamar yadda ya faru a 2022 sa'ad da wakilan Afirka da dama suka kasa shiga Kanada don halartar babban taron cutar ƙanjamau a Montiriyal. Alhali tun 2009 aka kafa Tarayyar Likitancin Gaggawa ta Afirka, wadda ta yi taronta na farko a Akara a 2012, sa'an nan Adis Ababa a 2014, Alƙahira a 2016, Kigali a 2018. A irin wannan taro likitan Sakkwato zai zauna kusa da na Kampala, matsalarsu ɗaya: babu jini a banki, hanya ba kyau, dangi ba su da kuɗi. Ita Gana da ta karɓi baƙuncin taron farko, da tsada ta sayi darasinta. Ran 9 ga Mayu na 2001 mutum 126 suka mutu a turmutsitsin filin wasan ƙwallo na Akara, aka ga ƙarara cewa ƙasar ba ta da tsarin ɗaukar masu rauni. A 2004 suka kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa, a 2009 kuma suka fara horar da ƙwararrun likitocin gaggawa a Asibitin Komfo Anokye na Kumasi tare da Jami'ar Mishigan ta Amurka.

Akwai wani aiki da aka yi a Ganar tun kafin wannan, wanda ya cancanci kowane Kwamishinan Lafiya ya ji labarinsa. Dokta Charles Mock da abokan aikinsa na Kumasi sun lura cewa direbobin haya ne ke kawo mafi yawan waɗanda suka yi haɗari asibiti. Maimakon su zauna jiran motocin asibiti, sai suka koya wa direbobi 335 taimakon farko tsakanin 1998 da 2000, darasin awa shida, da hannu ake nunawa ba da littafi ba, da kayan da ke hannun kowa. Da aka bi sawunsu daga baya, waɗanda suka ce suna tsayar da jinin mai rauni sun tashi daga kashi 4 cikin 100 zuwa 42. A hanyar Kano zuwa Kaduna, ko ta Bauchi zuwa Gombe, su wa ke fara isa wurin haɗari? Direbobin da ke bayan motar, da masu a-daidaita-sahu, da mutanen ƙauyen da ke bakin hanya, su ne ke ciro mutum, su naɗe shi a bayan akori-kura, wani lokaci a ƙarasa karya wuyan da ya tsage garin taimako. Hukumar Kiyaye Haɗura da aka kafa a 1988 tana ƙoƙarinta, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da tsarin motocin gaggawa na ƙasa a 2022, amma ƙasar tana da faɗi. Likita ɗaya da ya ji wannan a taro, ya komo ya zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar garinsa, zai iya fara aikin da bandeji da tsumma da allon katako.

Dole a faɗi gaskiya, ba kullum laifin matafiyi ba ne. Akwai waɗanda suka komo da zafinsu, suka rubuta takarda suna neman ledar awo da ɗan teburi da kwana uku na horar da ma'aikata, takardar ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har zafin ya huce, mai ita ya nemi aiki a Saudiyya. Ma'aikatu sun fi son abin da za a ba da kwangilarsa a yanka kirtani a ɗauki hoto: sababbin motoci jere a filin Gidan Gwamnati, ko na'ura mai tsada wadda za ta kwana a kwali don ba wanda ya iya ta. Horo ba shi da kirtanin yankawa. Doka kuwa tana nan, ba a rasa ta ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa ko da wane dalili, ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na matakin farko don aikin gaggawa. Dokar 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Amma doka ba ta koya wa nas yadda ake buɗe hanyar numfashi, ba ta kuma sa magani a cikin jaka. Wannan aikin Ma'aikata ne da shugabannin asibiti.

Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfin takardar umarni guda ba. Duk wanda za a biya wa kuɗin taro a kan aikin gaggawa, ya rubuta tun kafin tafiya matsala ɗaya ta asibitinsa da yake neman maganinta, da lambobinta. In ya komo, cikin wata ɗaya ya tara ma'aikatan sashensa, har da masu gadi da masu tura keken marasa lafiya, ya koyar da su da hannu, kuma kada a biya shi ragowar alawas sai shugaban asibiti ya shaida an yi. Ita kuma Ma'aikata, ran da ta sa hannu a kan tafiyar, ta ware wani ɗan kaso daidai gwargwado na sayen ƙananan kayan da zai nema, don tura mutum ya koyo sana'a a hana shi kayan aiki wasa ne da kuɗin jama'a. Bayan wata shida a kira shi ya kawo lambobin nan na farko da na yanzu a gwada. Ba sai an ƙirƙiro manhaja ba: tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya suka fitar da darasin taimakon gaggawa na kwana biyar don ma'aikatan da ba su da kayan aiki da yawa, wanda ke koyar da duba maras lafiya bi da bi, daga hanyar iska zuwa numfashi, zuwa gudanar jini, zuwa hayyaci, sa'an nan a buɗe jiki duka a duba.

Masu cewa intanet ta ɗauke wa mutane wahalar tafiya suna da rabin gaskiya. Lacca kam ana iya jin ta daga ofis, kuma ya kamata a rage tafiyar da lacca ce kaɗai a cikinta. Amma ɗaure jijiya, da sa bututu a maƙogwaro, da juya mai karyayyen wuya ba tare da an lanƙwasa shi ba, sai malami ya riƙe hannun ɗalibi. Kuma yawancin haɗin gwiwar da ke kawo bincike irin na Kano a wajen shan shayi tsakanin lacca da lacca ake ƙulla shi. Abin da ya fi cancanta a yi hattara da shi shi ne taron da kamfanin magani ya biya kuɗin jirgi da otal, don mai ba ka masauki yana da abin sayarwa, da kuma taron da ake zuwa don tara makin sabunta lasisi kurum, a sa hannu a fice.

Ɗaliban likitanci da na jinya da ke karanta wannan shafi ba sai sun jira girma ko alawas ba. Ƙungiyoyin likitoci suna yin tarurrukansu a cikin ƙasar nan kowace shekara, kuma da yawansu suna karɓar ɗan taƙaitaccen bincike daga ɗalibi a manna a allo. Ɗalibin da aka tura sashen gaggawa na wata biyu zai iya neman izinin malaminsa, ya sami agogo da littafin rubutu, ya riƙa rubuta ƙarfe nawa aka shigo da kowane maras lafiya, ƙarfe nawa kuma hannun ma'aikaci ya fara taɓa shi. In ya tara na mutum 300 ya fitar da matsakaicin mintocin, ya fara kai wa shugaban sashen kafin ya kai wa kowane taro.